Karen Da Na Ce Ba Namu Ba Ne

Babban ɗana ne ya tayar mini da wannan zance, shi kuwa bai san ya tayar ba. Ya zo gaishe ni ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ya zauna a bakin tabarma, ya ciro waya ya ce shawara yake nema. Ɓarayi sun dame shi a gonarsa ta Jajaye, sun ɗauke injin ban ruwa, sun dawo sun kwance raguna, don haka ya yanke zai ajiye kare. Ya dinga tura hotuna da yatsa yana nuna mini. Wannan irin na 'yan sanda ne. Wannan mai faffaɗan kai idan ya kama ba ya saki. Wannan mai gashi kamar tunkiya ba ya jure zafin ƙasarmu, sai an kunna masa fanka. A ƙarƙashin kowane hoto an rubuta halinsa: wane yana son yara, wane ba ya son baƙi, wane ba ya cin komai sai nama.

Na ce, "Ikon Allah. Ba a haifi kare ba, har an gama rubuta halinsa?"

Ya yi dariya ya ce, "Hajiya, ai yanzu iri ake dubawa. Ke dai zaɓar mini."

Na karɓi wayar na riƙe, amma ba hotunan nake gani ba.

Lokacin da nake yarinya a ƙauyenmu ta wajen Kurugu, ba a sayen kare, roƙonsa ake yi. Malamanmu sun ce kuɗin kare ba shi da kyau, don haka idan karyar wani ta haihu, sai ka je da goro ko kwanon dawa, ka gaisa, ka ce kana son ɗaya. Ba kuma kowa ke ajiye shi ba, sai maharbi, sai mai shanu, sai manomin da gonarsa ke bakin daji. Kare ba ya shiga ɗaki, ba ya hawa tabarma. Kaskonsa yana bayan rumbu, abincinsa ƙanzo ne da ruwan wankin tukunyar tuwo. Har yanzu idan na rufe ido ina jin safiyar wancan lokaci: luguden mata daga gida zuwa gida, ƙarar guga tana bugun bakin rijiya, kukan jaki, karatun allo daga zauren liman, sannan can nesa, idan gyaɗa ta ƙosa birai sun sauko, haushin karnuka daga wannan gona zuwa waccan kamar suna ba juna labari. Yau da safe babur nake ji da injin niƙa. Birai ma sun ƙare, dajin da suke fitowa ya zama gonaki.

Ni yarinya ce marar magana. Idan baƙo ya yi sallama, bayan ƙyaure nake tsayawa. A makaranta ko na san amsa ba na ɗaga hannu, don kada a juyo a kalle ni. Amma ido ne da ni. Na san inda kowace kaza take ɓoye ƙwanta, na san takun kowa a gidanmu tun kafin ya shigo, na san ranar da Inna ba ta da lafiya ko da ba ta faɗa ba, daga yadda take ɗaura ɗankwali. Kakana na wajen uba, wanda muke kira Baba Tsoho, shi kaɗai ya lura da wannan, shi ne ya sa mini suna 'Yar Kallo. Ba ya kirana da wani suna sai wannan.

Shekarar da birai suka cinye masa rabin gyaɗa, sai ya ji labarin karyar wani maharbi ta wajen Rogo ta haihu. Wata Asabar da sassafe ya ɗaura wa jaki kwando, ya leƙo tsakar gida ya ce, "'Yar Kallo, zo ki ara mini idonki, nawa sun tsufa." Gwaggo, ƙanwar mahaifina da ta dawo gida bayan rasuwar mijinta, tana zuba wa tumakinta dusa, ta ɗago ta ce, "Baba, ɗiya mace za ka kai wajen karnuka? To ke, ki ji da kyau. Yarinyar da take taɓa kare, ba mai cin tuwon hannunta." Baba Tsoho ya ce, "Kallo za ta yi, ba tuƙi ba." Muka tafi.

Mun isa rana ta yi tsaka. Maharbin ya shimfiɗa mana buzu a ƙarƙashin tsamiya, aka daɗe ana gaisawa, aka sha fura, sannan ya janye uwar ya ɗaure ta can gefe, ya zubo 'ya'yan a gabanmu, su biyar. Akwai wani ja, babba, mai ƙiba da sheƙi. Maharbin ya ɗaga shi ta ƙeya ya ce, "Malam, ga naka nan. Dubi ƙirji, dubi ƙafafu." Baba Tsoho ya ɓare goro, ya zauna yana kallonsu kawai, ni ma ina kallo, har inuwa ta matsa. Can sai ya ɗauki ruwan fartanyar da ke jingine, ya buga mata dutse da ƙarfi. Biyu suka ruga ƙarƙashin rumbu suna kuka. Ɗaya ya yi fitsari a inda yake. Jan nan ya zabura ya ciji kunnen ɗan'uwansa da ke kusa da shi. Na ƙarshen, wani siriri mai launin ƙasa da farin ƙafa ɗaya, ya ɗaga kai ya dubi fartanyar, ya dubi dutsen, sannan ya dubi fuskar Baba Tsoho, ya zauna. Aka kawo kunu a kasko aka ajiye musu. Baba Tsoho ya sa sanda ya ɗan ja kaskon. Jan ya yi gurnani ya kama sandar. Siririn ya janye baki ya jira.

Baba Tsoho ya juyo ya ce, "To, me kika gani?"

Maharbin yana kallona. Na sunkuyar da kai, na ce a hankali, "Jan, idan ya tsorata, na kusa da shi yake ciza. Mai farin ƙafa, sai ya duba abin da ya faru tukuna."

Maharbin ya tuntsire da dariya ya ce, "Malam, wannan jikar taka ka bar mini ita ta dinga zaɓa mini." Baba Tsoho ya ce ba ƙato yake nema ba, yana son wanda zai bambance biri da ɗan akuyar maƙwabci. Muka dawo da mai farin ƙafa a cikin kwando. A hanya bai yi kuka ba, ya ɗora haɓa a bakin kwandon yana kallon duk abin da muka wuce. Baba Tsoho ya ce, "Wannan irinki ne." Ya sa masa suna Zuba-ido.

Ya girma kamar yadda muka gan shi ran farko. Ba ya haushin banza. Idan ya yi haushi sau biyu ya tsaya, mutum ne. Idan ya ja shi da tsawo, birai ne. Kaji suna tsince a kaskonsa yana kwance, 'yan tumakin Gwaggo suna tsallake shi. Daminar da ta biyo baya ko kunya ɗaya birai ba su tona ba. Ni kuwa, ban san lokacin da na fara rage ɗumamena ina ƙunshewa a gefen zane ba. Bayan rumbu nake kai masa, in tsuguna in ba shi a tafin hannu, in shafa kansa, sannan in je in goge hannun da ƙasa in wanke sau bakwai, ina waige kada Gwaggo ta gani. Duk abin da ba na iya faɗa wa mutane, shi nake faɗa wa.

Da aka gama kaka aka kai amfanin gona gida, sai ya rasa aikin yi, ya fara bina makaranta. Makarantarmu aji uku ce a bayan gari, kuma a lokacin nan kaɗai ake da darbejiya a duk yankin, guda huɗu da aka dasa a jere bayan tagogi. Ƙarƙashin ta ƙarshe yake kwanciya, daidai tagar da nake zama, tun daga hantsi har a tashi. Kwana uku ba wanda ya kula. Ran na huɗu, lokacin tara, Ladidi ta gano. Ladidi 'yar maƙwabtanmu ce, mai baki, duk abin da ta faɗa sai aji ya ɗauka.

Ta ce, "Ku zo ku gani! Ga angon wance can yana jiran ta."

'Yan mata suka kewaye ni suna tafi. Wata ta toshe hanci ta ce dama tana jin wari a bencinmu. Wata ta ce daga yau kada a sha ruwa a moɗa ɗaya da ni. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ce, "Ba namu ba ne. Ban san shi ba."

Ladidi ta ce, "Ƙarya kike, na gan shi a ƙofar gidanku."

Na ce, "Wallahi ban san shi ba."

Ta ɗauko dutse ta sa mini a hannu ta ce, "To jefe shi mu gani."

Na jefa. Na so ya faɗi gefe, amma ya same shi a farin ƙafar nan. Bai yi kuka ba, bai gudu ba. Ya miƙe, ya dubi dutsen, ya dubi fuskata, kamar yadda ya dubi Baba Tsoho ran fartanya. Sannan ya ɗingisa ya koma bayan itacen ya kwanta. Daga ranar ya canja, kuma ni kaɗai na gani. Bai daina zuwa ba, amma ya daina kallona idan akwai mutane. Idan an tashi, sai ya bari mu yi nisa, ya bi ta cikin karan gonaki, sai na rabu da su Ladidi a bakin rijiya sannan ya fito yana kaɗa jela. Dabba ce, amma ta gane ina jin kunyarta, ta kuma taya ni ɓoyewa.

Bazara ta shigo, darbejiya ta yi fure, irin ƙananan fararen nan masu ƙamshi da ke zubowa kamar tsaki. Wata Laraba na dawo daga makaranta na tarar da tsakar gidanmu cike da mutane. An sami ɗan ragon Gwaggo a bayan danga an farke masa ciki, tun da hantsi. Shi ne wanda take kiwo don layya. Tana zaune a ƙasa tana kuka tana cewa, "Wannan karen ne! Kullum da safe sai ya ɓace, ba wanda ya san inda yake zuwa. Yau ga inda yake zuwa." Maƙwabta suka ce ai kare idan ya ɗanɗana jinin dabbar gida ba ya dainawa, yau na Gwaggo, gobe nasu. A daidai nan Zuba-ido ya shigo ta kafar danga, ya je bayan rumbu ya kwanta abinsa.

Baba Tsoho ya kira shi, ya zo. Ya buɗe bakinsa ya duba, ya duba ƙirjinsa da ƙafafunsa. Ya ce babu jini. Gwaggo ta ce ai ya lashe, tun hantsi fa. Sai na ga yatsun Baba Tsoho sun tsaya a gadon bayan karen. Ya tsinto wani abu ƙarami fari daga cikin gashin, ya murza shi, ya kai hanci. Furen darbejiya ne. Bai nuna wa kowa ba. Ya ɗago ido ya neme ni a cikin mutane, ya same ni a jikin ƙyaure da allona na makaranta a hannu.

Ya ce, "Fure ba zai faɗa mana yaushe ya kwanta a wurin ba. Sai in wani ya gan shi. 'Yar Kallo, ke da ba abin da yake wuce ki, ba ki ga inda yake da hantsin nan ba?"

Na gan shi. Tun da aka kaɗa ƙararrawar shiga aji yake ƙarƙashin tagata, har na lura da ƙudan da ke damun kunnensa na hagu, har na jefa masa guntun ƙosai lokacin da malam ya juya yana rubutu. Magana ɗaya ce za ta fid da shi. Amma Gwaggo tana kallona, kuma Ladidi tana nan, ta biyo uwarta kallon abin da ya faru, tana tsaye a bakin zaure da hannu a ƙugu. In na faɗa, gobe aji duka zai ji na yi rantsuwa a kan ƙarya. In na faɗa, Gwaggo za ta tambayi abin da yake kai shi wurina kullum. Na dubi ƙasa. Na ga tururuwa tana jan ƙwayar gero, har yau ina ganin ta.

Na ce, "Ban gani ba, Baba."

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya saki furen ya faɗi, ya ce, "To."

A wancan lokaci akwai wasu baƙi da ke zagayawa ran kasuwa da keji a bayan keke, suna karɓar karnukan da ba a so. Kowa ya san inda suke kai su, ba a dai faɗa. Da yake mutanenmu ba sa karɓar kuɗin kare, sai su bar wa masu gida ɗan kwano ko langa, a ce kyauta ce. Kwana biyu Zuba-ido ya yi a ɗaure a turke kafin ranar kasuwa, kwana biyu ina da damar in buɗe baki. Na yi ta zagaya zauren Baba Tsoho, in kai bakin ƙofa in dawo. Da suka zo, bai yi musu gardama ba, don Baba Tsoho ne da kansa ya riƙe igiyar. Sai da aka rufe kejin ya fara dube-dube. Ya gan ni a bayan rumbu. Akwai mutane a wurin, don haka ya kawar da kai, kamar yadda na koya masa. Baba Tsoho ya ƙi karɓar komai, ya shige zaure. Gwaggo ce ta karɓi langar, fara mai jajayen furanni, ta ce ko ba komai ta rage asara.

Ba a yi sati biyu ba, da rana tsaka, masu dawowa daga rafi suka ga wasu karnuka biyu marasa gida suna jan ɗan akuyar liman a bayan gari. Aka bi su da sanduna. Kowa ya gane. Gwaggo ta tafa hannu ta ce, "Allah sarki, ashe mun ɗauki alhakin dabba." Maƙwabta suka ce ƙaddara ce. Ba wanda ya dube ni, ba wanda ya zarge ni, kuma wannan ya fi duka ciwo. Baba Tsoho bai taɓa yi mini maganar ba. Bai kuma sake roƙon kare ba. Da damina ta zo, shi da kansa yake zama a gona da gwangwani da sanda yana kora birai, tsoho da ciwon gwiwa, tun safe har la'asar, ni nake kai masa abinci, wani lokaci a cikin langar nan. Yakan karɓa ya ce an gode, ya kira ni da sunana na yanka. Daga ranar Larabar nan har ya bar duniya bai ƙara ce mini 'Yar Kallo ba.

Na yi karatu, na yi aure, na haifi 'ya'ya, na je Makka na dawo. Na nemi gafarar abubuwa da yawa, amma wannan ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko mahaifin yaran nan. Wa zai zauna ya saurari tsohuwa tana kuka a kan kare? Da Gwaggo ta rasu aka raba kayanta, ba wanda ya so langar don ta tsufa, fentin bakinta ya ɓantare. Na ɗauka na sa a ƙasan akwati. Duk inda na koma da ita nake komawa, ban taɓa cin abinci a ciki ba.

Na miƙa wa ɗana wayarsa na ce, "Waɗannan ban san su ba. Ka nemo mini wanda karyarsa ta haihu, irin tamu ta gida, ka kai ni." Ya yi ta mita, wai karen ƙauye ba ya ba ɓarawo tsoro. Na ce ba tsoro yake bukata ba, yana bukatar wanda zai bambance ɓarawo da yaran da ke zuwa tsintar mangwaro. Bayan kwana uku ya kai ni wata ruga ta wajen Falgore. Na tafi da goro. Na zauna a kan buzu har ya gaji ya koma mota ya dawo, sannan na ɗauki murfin tukunya na buga masa cokali. Cikin su shida, wata baƙa ƙarama ce ta dubi murfin, ta dubi fuskata, ta zauna. Na ce ita. Ta yi ƙanƙanta da zaman gona, don haka na ce a bar ta a gidana har ta yi ƙwari.

Jiya da yamma Ladidi ta shigo. Har yanzu maƙwabta muke a nan Karaye, ta tsufa, da sanda take tafiya, amma bakin yana nan. Jikokina mata suna tsakar gida, da wasu mata biyu da suka zo gaishe ni. Ta tsaya cak ta ce, "Hajiya, me zan gani? Kare a gidanki? Na wane ne?"

Na ce, "Kin tuna wani mai farin ƙafa da yake kwanciya a bayan ajinmu?"

Ta girgiza kai ta ce, "Wane kare kuma? Ke dai ba kya manta komai. Na ce wannan na wane ne?"

Sai na ji kamar ina tsaye a jikin ƙyauren nan na ran Laraba, ni da furfura. Duk suna kallona. Na tashi na ɗauko langar daga ɗaki, na zuba kunu a ciki, na tsuguna a gabansu na ajiye wa karyar, na ɗora hannuna a kanta tana sha.

Na ce, "Tamu ce. Ni na zaɓo ta."